Murfin da Ya Daina Gumi

Soya, tsakiyar Satumba

Zuwa ga 'yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, teku bai wahalar da ke ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa, ita kuwa kin san halinta. Gwaggonki Kinu tana gaishe ki. Mun gama shanyar ganyen teku na bana, rana ta yi mana kirki har ƙarshe.

Jiya gari ya waye tas, na hau tudun bayan gida na hango tsibirin Sakhalin na Rasha kwance a kan ruwa. Ido yana kai wa, amma mutumin gidan waya ya ce takarda sai ta zaga ta wasu garuruwa, ta yi kusan wata kafin ta same ki. Kinu ta ce in kawo ta rubuta mini don hannunta ya fi sauri. Na ƙi. Ban zauna a ajin yamma da furfura a kaina don wata ta riƙa jin abin da nake gaya wa 'yata ba.

Na fito da kwanon matafiyi, baƙin nan mai murfi na mahaifinki. Kullum da safe nakan zuba shinkafa mai zafi, in rufe, in ajiye gaban hotonki. In ta ɗan jima sai in ɗaga murfin. Na san za ki ce camfi ne, amma haka uwata ta yi wa maza, haka na yi wa mahaifinki duk fitarsa kamun kifi: in murfi ya yi gumi, matafiyi yana lafiya. Naki tun ranar da kika tafi har ɗiga yake yi.

Kinu ta tambaye ni wai me za ki samo a can da babu a birnin Sapporo. Na ce maganar tsofaffi za ki ɗauko a rikoda, yadda suke binne matattunsu da yadda suke tunawa da su. Ta ce, "Mace mai shekara talatin da huɗu, maimakon ta bi masu rai ta samo miji, ta tafi bin gawa." Na ce mata, "Yaya, naki mijin da rai kika same shi, me ya ƙara miki?"

Na gaya mata abin da Farfesa Odagiri ya ce miki, cewa in aikin nan ya yi kyau akwai gurbin malama na dindindin a cibiyarku ta nazarin Rasha da maƙwabtanta. Ni dai abin da na gane shi ne kujera ce da ba a tayar da mutum daga kanta duk shekara. Kin gaji da yawo tsakanin makarantu uku kina koyar da Rashanci da jaka a kafaɗa. Ki yi aikinki, ki dawo ki zauna a kanta.

Ki rufe wuyanki. Kada ki sha ruwan da ba a tafasa ba.

Innarki, Toki

*

Sakhalin, Oktoba

Inna,

Na gaishe ki, na gaida Gwaggo. Takardarki ta iso, hannunki ya ƙara kyau. Ina lafiya, har na ɗan yi ƙiba, don haka ki bar murfin kwano ya huta.

Na sauka a wani ƙauye na bakin teku, a gidan wata tsohuwa mai suna Raisa, wadda ta yi aikinta a kamfanin gwangwanin kifi. Ita kaɗai ce a gidan. 'Yarta Lida ta faɗa ruwa daga jirgin sarrafa kifi shekaru da suka wuce, ba a ga gawarta ba. Ɗakin Lida aka ba ni, kuma da sanyi ya fara sai Raisa ta ciro mini babbar rigarta. Ta yi mini daidai.

Da farko aiki ya ƙi tafiya. In na kunna rikoda sai tsofaffi su koma zancen tsadar sukari. Abin da ya buɗe mini ƙofa kuskure ne, kuma laifinki ne, Inna.

A nan in mutum ya mutu, ana ajiye masa tambulan na giya a taga, a ɗora yankan baƙin burodi a kai, har kwana arba'in. Raisa ba ta taɓa dainawa ba, tunda ba ta binne kowa ba. Ranar da ake ziyarar kabari ta lokacin kaka a wajenmu, na tashi da kewar gida. Na ga burodin jiya yana nan a taga. Ke kika koya mini cewa abin da aka sauke daga gaban magabata ci ake yi, zubar da shi rashin kunya ne. Sai na haɗa hannu, na rusuna, na ɗauka na ci. Na karanta littattafai a kan al'adar nan, na san ba a taɓa shi, tsuntsaye ake ba wa. Amma hannuna ya riga kaina.

Ina cikin tauna Raisa ta shigo da maƙwabciyarta. Maƙwabciyar ta ja da baya har ta buge ƙofa. Raisa kuwa ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Ya yi miki daɗi?"

Na ce, "Ya ɗan bushe."

Ta ce, "Ita ma kullum haka take cewa. Zauna in zuba miki shayi."

Na ba ta haƙuri, ta ce ba abin haƙuri. Tun ranar ba ta ƙara ɗora burodi a kan tambulan ba, a gefen faranti na take ajiyewa. Labari ya zaga ƙauye, yanzu tsofaffin mata su ke kirana da kansu, su zaunar da ni, su gaya mini abubuwan da ba a taɓa rubutawa ba. Har kaset ya fara ƙare mini. Wannan kuskuren kaɗai babi ne guda a kundina. Farfesa zai yi murna.

Ki shafa wa gwiwar magani, kada ki jira ta kumbura.

'Yarki, Chizuru

*

Soya, ƙarshen Nuwamba

Chizu,

Ina gaishe ki. Lafiya muke. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, an ja ƙananan jirage kan tudu.

Akwai abin da na ɓoye, ban so in rubuta ba sai na ji daga gare ki. Yanzu na ji.

Ranar ziyarar kabari na zuba miki shinkafa da sassafe, na tafi na wanke dutsen mahaifinki, na dawo na ɗaga murfi. A bushe yake. Na ce ko na daɗe ne a hanya. Washegari na zauna a gabansa ban je ko'ina ba, shinkafa tana tururi na rufe. Na ɗaga, a bushe. Har yau da nake rubuta miki bai sake gumi ba. Da takardarki ta zo na ga ranar da kika ci burodin, sai na ajiye ta na fita waje na tsaya.

Sau ɗaya na taɓa ganin murfin nan a bushe, safiyar da jirgin mahaifinki bai dawo ba. Kina ƙarama, ba ki sani ba.

Na gaya wa Kinu. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Toki, shinkafa kike dafawa ko boka kika ajiye? Kin matso da kwano kusa da murhun kananzir, murfi ya yi ɗumi, ta ina zai yi gumi? Karatun da kika yi da tsufa bai kai nan ba?"

Na ce, "To, Yaya, zo ki gwada."

Ta zo da safe da kwanonta, wanda take ajiye wa ɗanta na Tokyo. Ta kai murafen biyu waje suka yi sanyi tare. Daga tukunya ɗaya ta zuba, da hannunta ta rufe. Da ta ɗaga nata, ruwa ya gangaro mata har wuyan hannu. Ta ɗaga naki, ta shafa cikinsa da yatsa, ta duba yatsan. Ta ce, "Katakon kwanon ne ya tsufa." Ta ɗauki kwanonta ta tafi, ko shayi ba ta sha ba. Tun ranar ba ta sake tsokanata a kan zancen ba, kuma na fi son lokacin da take tsokanar.

Ga abin da ban gane ba. Kina da rai, ga rubutunki a hannuna. To me ya sa kwanon bai san ki ba?

Mu abincin magabatanmu muke ci, na jininmu, kuma sai sun gama. Ke kin ci na 'yar mutane, wadda ba a binne ba, wadda uwarta take jira har yanzu. Ba faɗa nake miki ba, ni na koya miki. Amma ki cire rigar nan. Ki nemi wani ɗaki, ko da ya fi sanyi. Ki ce wa matar ta mayar da burodinta taga.

Ki ba ni amsa da wuri.

Innarki

*

Sakhalin, Janairu

Inna,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ki daina damun kanki da kwano.

Ba zan iya barin ɗakin ba, babu wani a ƙauyen, kuma na saba da shi. Na san inda katako yake ƙara, na san inda aka ɓoye mabuɗin akwati tun kafin a nuna mini. Mama ta hana ni fita bakin teku, ta ce ruwa ya san ni. Ina zaune a gida ina shan madara mai tsami, ina taya ta ɗinki. Shinkafar da na zo da ita tana nan, na dafa sau ɗaya na kasa ci, sai na ji kamar ina tauna takarda.

Aiki yana tafiya da kansa. Ba na ma shirya tambayoyi yanzu. Na aika wa Farfesa kaset ta hannun wani mai tafiya.

Ina tunanin in ƙara shekara a nan, ko fiye. Makarantar ƙauye ba ta da malama. Zancen gurbin Sapporo, in na tuna shi sai in ji kamar labarin wata ce aka ba ni. Mama ta tsufa, ba wanda zai sara mata itace.

Jiya na ga tudunmu daga nan, ko kuma wani tudu ne.

Ch.

*

Soya, Fabrairu

'Yata Chizuru, wadda na haifa a ɗakin baya ranar da iska ta ɗauke rufin rumbu,

Ina gaishe ki da sunanki cikakke, tunda ke kin gajarta shi. Jikina lafiya. Barci ne babu.

Wata biyu ina jiran takarda, ta zo ba ta cika shafi ba. Na karanta inda kika ce Mama ta hana ki fita bakin teku, na zauna ina tunanin yaushe na hana ki. Sai da na kai wajen saran itace na gane ba ni ake nufi ba. Ban yi fushi ba. Amma ni ma na tsufa, kuma ni nake fasa ƙanƙarar ƙofata.

Ke da madara ko warinta ba kya so tun kina goye. Sannan rubutunki. Ni da yatsa nake bin kowane layi in ina karatu, haka aka koya mana, shi ya sa na ji. Layukan da kike ja daga hagu zuwa dama, yanzu daga dama aka jawo su. Ki tambayi matar, Lida bahaguwa ce?

Shekaranjiya Farfesa Odagiri ya bugo waya. Mutum mai ladabi, sai ban haƙuri yake yi. Ya ce ya rubuta miki sau biyu ba amsa. An buɗe gurbin, sunanki yana gaba, amma dole ki bayyana da kanki a intabiyu a ƙarshen Mayu, in ba haka ba wani za a ba, kuma irin wannan kujera sai a yi shekara goma ba ta sake fitowa ba.

Sai ya ce, "Inna, kaset ɗin da 'yarki Malama Kumagai ta aiko, ban taɓa jin irinsu ba. Ko ta gaya miki sunan 'yar garin da ta ɗauka tana yi mata tambayoyin? Ya kamata a sa sunanta cikin waɗanda suka taimaka."

Na ce, "Malam, ba ta ɗauki kowa ba."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ni na koya mata Rashanci, na san bakinta. Wannan a can aka haife ta. Har tsofaffin suna ce mata 'kin tuna' tana cewa ta tuna."

Na ce ya kunna mini. Ya kanga wayar a jikin rikoda. Na ji wata mace tana magana da sauri, murya mai kauri, tana dariya ta hanci. Ban san ta ba. Sai ta tsaya ta yi gyaran murya sau biyu, ƙanana, irin wanda kike yi tun ciwon maƙogwaron da kika yi a aji uku. Muryar ba taki ba ce, Chizu, amma tarin naki ne. Na ce wa Farfesa za ki zo. Ya ce in tabbata. Na ce na tabbata.

Wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba. Mai shagon da ke sayar wa Rashawan jirgin kamun ƙaguwa tsofaffin firji da kekuna ta haɗa ni da wani matuƙi ɗan yankinku. Kinu ce ta raka ni tashar ruwan Wakkanai, ita ta riƙe ƙunshin a mota. A ciki akwai shinkafa busasshiya. Ta kwanonki ce. Tun da murfi ya bushe na kasa cin ta, na kasa zubarwa, sai na riƙa shanya ta a kan faifai. Taki ce, da sunanki aka zuba ta. Ki jiƙa da ruwan zafi, ki sa ganyen tekun da na haɗa, ki ci ko da za ta dawo. In ta dawo ki sake ci.

Sauran maganar ba taki ba ce. Ki zaunar da Raisa, ki juya mata da harshenta, kada ki rage komai, kada ki gyara:

Baiwar Allah, ban san ki ba, amma na san tagarki. Mijina Sakuji yana cikin ruwan da 'yarki take, shi ma ban binne komai ba sai hularsa. Ruwan ɗaya ne, daga nan ina ganin gefenku. Kin ciyar da 'yata duk sanyin nan, na gode. Amma tawa tana da rai, kuma ana jiran ta. Ki aiko mini da hoton Lida. Zan ajiye ta kusa da Sakuji, in zuba mata abinci mai zafi kowace safiya muddin ina numfashi, ba busasshen burodi ba. Ba za ta yi yunwa ba, ba za ta zauna ita kaɗai ba. Ki ba ni tawa, in riƙe miki taki.

Shi ke nan. In kin ƙi karanta mata, Chizu, to wadda ke riƙe da takardar nan ta karanta mata.

Innarki, Toki

*

Sakhalin, Afrilu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Gwaggo Kinu, ki ce mata na gode da rakiya. Ina lafiya. Wannan karon da gaske nake.

Ƙunshin ya yi mako a kan tebur ban buɗe ba. Raisa ce ta buɗe, ta shinshina ganyen tekun, ta ce, "Wannan ba ni aka aiko wa ba." Ta jiƙa shinkafar da kanta, ta tsaya a kaina kamar yadda kike yi. Cokali na farko ya dawo. Na biyu ya zauna. Ban kai rabi ba na fara kuka, ina jin warin ɗakin girkinmu, da hayaƙin murhu, da rigar aikinki. Na kwanta na yi barci har rana ta biyu. Da na farka abin da ya fara zo mini shi ne ban rubuta ko shafi ɗaya na kundina ba tun Disamba. Na duba littafin aikina, rubutu ne cike, da Rashanci, ba irin nawa ba. Yana da kyau ƙwarai. Zan yi amfani da shi.

Na karanta mata saƙonki, ban rage ba. Sai ta ce, "Uwarki tana dafa abinci da kyau?"

Na ce, "Gishiri yana yi mata yawa."

Ta ce, "Lida tana son gishiri."

Ta tashi ta ciro hoton daga bango, ta naɗe shi a ɗankwali. Ta ɗauke tambulan daga taga, ta zubar da giyar a gindin bishiya, ta wanke shi ta kife cikin sauran. Ga hoton nan na ba matuƙin ya kawo miki. Kin tambaya: e, bahaguwa ce.

Na rubuta wa Farfesa. Zan shigo jirgin fasinja na farko a watan Mayu, in kwana ɗaya a gida, in wuce Sapporo. Raisa ta riga ta fara haɗa mini guzuri, ya yi yawa, kamar na mutum biyu. Na ce ba zan iya cinyewa ba, ta ce hanya tana sa yunwa.

Ki dafa mini shinkafa sabuwa.

'Yarki, Chizuru

*

Soya, Yuni

Zuwa ga Malama Chizuru Kumagai, mai kujerarta,

Ina gaishe ki, ina taya ki murna. Lafiyata lau, gwiwa ma ta yi sauƙi da ɗumin nan. An fara gyaran jirage don ɗiban ganyen teku. Kinu ta bi gida gida tana faɗin 'yar ƙaninta ta zama malamar jami'a, kamar ba ita ce mai zancen bin gawa ba.

Farfesa ya bugo da kansa. Ya ce a cikin masu intabiyun akwai wani baƙo Barashe, ya yi miki tambaya da harshensu, kika amsa, sai ya ajiye alƙalami ya tambaye ki a wane ƙauye aka haife ki. Ya ce daga nan ba wanda ya ƙara musu. Na yi masa godiya. Ban gaya masa abin da na gani ba.

Ke zan gaya wa, don kwana ɗayan da kika yi a gida ban samu baki ba, ina ta kallonki.

Ranar da hoton ya iso na ajiye shi kusa da na mahaifinki. Yarinya mai faɗin goshi, tana dariya da gefen baki. Na sayo mata kwano ja mai murfi, don kada ya haɗu da naki. Na zuba mata, na ce, "Lida, ga abinci, nan gidan Toki ne, ki saki jiki." Ba a duba murfin mamaci, ba abin da za a gani. Amma hannu ya saba. Na ɗaga. Ruwa ya ɗigo mini a cinya. Na ɗaga naki, a bushe.

Haka suka yi ta yi har ranar da jirginku ya iso. Na tsaya a tashar ruwa ban san wadda zan tara ba. Kika sauko kika ce "Inna", da muryarki, kika ce na rame. Na riƙe hannunki har gida.

Da safe kin tuna abin da kika yi? Ina jin ba ki tuna ba. Na zuba kwanukan biyu kamar kullum, na juya in ɗauko miya. Kika zauna, kika jawo baƙin, kika haɗa hannu, kika cinye da tsinken cin abinci, kina ba ni labarin jirgi. Na ji sanyi a raina. Sai kika ajiye tsinken. Kika miƙa hannun hagu kika jawo jan. Kika duba tebur, kika tashi kika buɗe aljihun da nake ajiye cokula, kika dawo da cokali. Kika barbaɗa gishiri. Kika cinye shi tas da hagu, a hankali, kina kallon taga. Kinu tana bakin ƙofa da busasshen kifi a hannu, ta kalle ni, na girgiza mata kai.

Da kika gama kika ce wata kalma ɗaya da ban sani ba, sannan kika yi gyaran murya sau biyu, kika ce, "Inna, jirgin ƙasa ƙarfe nawa ne?"

A hanyar dawowa daga rakiya Kinu ta ce, "Toki, a kira mai addu'a daga haikali."

Na ce, "A kore ta ta tafi ina, Yaya? Uwarta ta kife tambulan. Ni na ce a ba ni ita."

Ta ce, "Cewa kika yi za ki riƙe ta a kan katakon hotuna, ba a cikin 'yarki ba."

Na ce, "Ban faɗi inda za ta zauna ba."

Na yi tunani sosai tun ranar. Na roƙi a dawo mini da ke, an dawo da ke. Kin san ni, kin san gwiwata, kin sami abin da kika wahala a kansa. Ita kuma ta daɗe a cikin ruwan sanyi, kuma ba ta ɗauke ki ba da ta samu dama, ta biyo ki ne. Ba zan yi rowa ba.

Tun washegarin tafiyarki murafen biyu suke gumi, baƙin da jan. Kullum ina dubawa. In wata safiya ɗaya ya bushe, zan hau jirgin ƙasa in zo, ko kina tsakiyar aji.

Ki rubuta wa Raisa, ki ce mata ana cin abinci da kyau. Ki nemi ɗaki mai taga ta gabas, ki sayi gado mai faɗi. Kada ki je bakin teku ke kaɗai.

Hutun Agusta in za ki zo, ki sanar da ni da wuri. Na san abin da kike so. Ki tambayar mini ita.

Innarku, Toki